Tambaya ta kakare maka a jarrabawa: ka tsallake ko ka tsaya a kanta?

Ummi_Kurna
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku raba mu gardama ni da yayana. Zan rubuta JAMB bana, Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, kuma ga WAEC na tafe a bayanta. Malaminmu na lesin cewa yake duk tambayar da ka karanta ba ta zo maka nan take ba ka tsallake, ka dawo mata daga baya. Shi kuma Yaya wai wannan ne ke kayar da yara, in ka fara tsallake-tsallake sai ka tsallake rabin jarrabawar kuma ba dawowa za ka yi ba, gara ka gama da ita tun kanka yana kanta. Ni dai in na haɗu da ta Fiziks mai lissafi sai in ji kamar in na bar ta shi ke nan na faɗi, kafin in ankara minti biyar sun tafi. Waɗanda suka riga mu shiga ya kuka yi?

Bazazzagi_Asali
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ajiye maganar Yaya da ta Malam gefe, ɗauko biro ki yi lissafin da kanki. Tambayoyi 180 ne, Turanci 60, sauran ukun 40-40, lokaci kuma awa biyu cif, minti 120 ke nan. Raba ki gani, daƙiƙa 40 kowace tambaya ta samu. Minti biyar ɗin nan da kike kashewa a kan guda ɗaya rabon tambaya bakwai ne har da ɗoriya. Kuma ko kin ci ta makin tambaya ɗaya dai za a ba ki, ba a ƙara wa mutum komai don ya sha wuya.

Dan_Tasha
Tsallake kawai hajiya, ai ba gadonki ba ce.

Abban_Hanifa
Ni kam ina ganin yayanki bai faɗi ƙasa ba gaba ɗaya. Na koyar a lesin na ga irin yaran da yake nufi, da an ce musu a tsallake mai wuya sai su mayar da shi hanyar gudu, duk tambayar da ta kai layi uku ba ma sa karanta ta, N kawai suke dannawa, maɓallin wucewa tambaya ta gaba a kwamfutar JAMB. Alhali sau da yawa doguwar tambayar ita ce mai sauƙin, surutu ne kawai a cikinta, gajerar mai layi ɗaya ita ke da tarko. To yaro ya kai ƙarshe ya juyo ya ga ashirin da wani abu babu amsa ga minti shida ya rage, nan ne hannu ke fara rawa. Abin da nake gaya wa nawa shi ne ba a tsallake tambayar da ba a karanta ba, kuma ba a barin ta fanko, zaɓi wadda ta fi kwanta maka ka wuce.

Yar_Gombe
@Abban_Hanifa to Malam ai ance in ka zaɓi amsar da ba daidai ba rage maka maki ake yi, shi ya sa mu a makarantarmu aka ce wadda ba ka sani ba ka bar ta haka nan

Bazazzagi_Asali
@Yar_Gombe wannan jita-jitar duk shekara sai ta dawo. Ba a cire maki don ka zaɓi kuskure a JAMB. Wadda ka bari fanko sifili, wadda ka zaɓa ka kuskure ita ma sifili, to me zai hana ki zaɓa? Zaɓi huɗu ne A zuwa D, ko ido a rufe kika yi canki-canka a tambaya 20 bisa lissafi wajen biyar za su iya faɗowa daidai. In kuma kin iya kore biyu da kika tabbata ba su ba ne kin koma rabi da rabi. Da babu gara ba daɗi.

Yar_Gombe
Kai amma an cuce mu wlh. Na gode Yaya

Malam_Lissafi
Salamu alaikum. Na karanta duk abin da aka faɗa, kuma ina so Ummi ta lura jarrabawa biyu ta ambata kuma ba hali ɗaya suke da shi ba, shi ya sa malaminta da yayanta kowa ke ganin shi ne da gaskiya. Abin da Bazazzagi ya faɗa a kan JAMB haka yake ban da abin ƙarawa. Amma ki ɗauki takarda ta biyu ta lissafin WAEC, wadda ake rubutawa da hannu. Awa biyu da rabi ce, maki 100. Kashi na farko tambaya biyar ne dole ki amsa duka, maki 40. Kashi na biyu tambaya takwas za a ba ki ki zaɓi biyar, maki 60. Wato kowane maki ɗaya yana da minti ɗaya da rabi, ta kashin farko minti 12, ta kashi na biyu minti 18. A nan in kin tsaya minti goma a kan tambaya ɗaya ba ki yi laifi ba, haƙƙinta ne.

Sannan abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba, a wannan takardar ba amsar ƙarshe kaɗai ake saya ba. Mai duba takarda yana da maki na hanya daban, na amsa daban. Kin rubuta fomula daidai, kin saka lambobi a gurbinsu, kin zana hoton da tambayar ke nufi, duk akwai abin da za ki tsinta ko da lissafin ya karkace a ƙarshe. Don haka wanda ya ga tambaya ta yi masa wuya ya bar shafi fari fat ya yi asarar da ba dole ba. Rubuta iya inda kika iya, bar fili a ƙasa, wuce ta gaba. A JAMB kuwa kwamfuta ba ruwanta da hanyar da kika bi, ko kin cika takarda da lissafi in kin danna B alhali C ce shi ke nan.

Kuma don Allah minti biyar na farko a kashi na biyun nan ki karanta takwas ɗin duka kafin ki sa biro. Na sha ganin yaro ya kama ta shida don ita ce a sama, ya yi ta fama, ashe ta goma sha ɗaya irin wadda ya iya ce kamar ruwa, bai ma gan ta ba sai da aka ce saura minti goma.

Ummi_Kurna
Allah ya saka da alheri Malam, wlh ban taɓa raba makin da minti haka ba. To amma @Abban_Hanifa in na zaɓi amsa na wuce kamar yadda ka ce, ya zan gane wadda na yi canke a kanta in na dawo? Ai duk za su nuna na amsa

Abban_Hanifa
Tambaya mai kyau. Lambobin da ke kan allo wadda aka amsa da wadda ba a amsa ba kawai suke bambantawa, ba su san zuciyarki ba. Sai ki ware gefe guda a takardar da kike lissafi a kai ki riƙa rubuta lambar, F12 wato Fiziks ta 12, F27, K8 wato Kemistiri ta 8, haka. Wadda kike ganin da ƙarin minti ɗaya za ta fita ki ja mata layi a ƙasa, wadda kuma kin san ko kwana za ki yi ba za ta fita ba kar ma ki rubuta ta, kin zaɓa kin yafe.

Sadau_Kt
Ni ban yarda da wannan ba gaskiya. Rubuta lamba ma cin lokaci ne. Ni barinta nake fanko don allon ya nuna min, in ya rage minti biyar sai in bi su ɗaya bayan ɗaya in cike. Haka na yi kuma Alhamdulillah ina aji uku a jami'a yanzu

Abban_Hanifa
@Sadau_Kt Allah ya ƙara nasara, amma kai ka samu minti biyar ɗin. Wanda ya shagala agogo ya cinye kwamfuta ta rufe da kanta fa? Rubuta F12 daƙiƙa biyu ne.

Sadau_Kt
To ai wanda zai shagala har ya manta agogon da ke gabansa a kan allo ko lamba ɗari ya rubuta ba komawa zai yi ba Malam

Mai_Shayi_Sabon_Gari
Ku dai kuna ta lissafi, ni tambayata da wanne ake farawa? Ƙanina aka ce masa dole sai ya gama Turanci kafin sauran su buɗe

Bazazzagi_Asali
Ba haka ba ne, darussan huɗu suna nan a sama ka danna wanda ka ga dama ka koma wanda ka ga dama. Ni shawarata a fara da wanda aka fi iyawa. Kamar Ummi in Bayoloji ne ƙarfinta, Bayoloji yawanci ko ka sani ko ba ka sani ba, ba dogon lissafi, za ta iya gama 40 a minti 20. Sai Kemistiri 25, Turanci 30, Fiziks 35, ya rage 10 na komawa. Kin ga rarar da kika samu a Bayoloji ita kika kai wa Fiziks. Daƙiƙa 40 ɗin da na faɗa ɗazu matsakaici ne, ba wai kowace tambaya sai ta ci 40 ba.

Hajjo_Yola
Minti 30 a Turanci?? Tambaya 60 fa, ga dogayen labaran nan na auna fahimta da sai ka karanta sau biyu kafin ka gane inda suka dosa. Wanda ya tashi a gidan da ake Turanci ne zai yi wannan. Mu da muka yi makarantar gwamnati a bar mana 40, a rage na Fiziks ɗin. Kuma ni na fi son in fara da Turancin tun kaina da sanyi, don in na bar shi ƙarshe ina karanta labarin ina kallon agogo ba abin da ke shiga

Bazazzagi_Asali
@Hajjo_Yola ban ƙi ba, kowa ya san inda ƙarfinsa yake. Amma ki duba wani abu, kowane darasi maki 100 ne, jimla 400. Turanci tambaya 60 ke raba ɗarin, Fiziks 40 ke raba ta. In an yi rabon kai tsaye ta Fiziks ɗaya ta fi ta Turanci ɗaya nauyi. Kuma a cikin Turancin ma ba sai kin fara da labaran ba, ki fara da gajerun, kishiyar kalma, cike gurbi, na furuci, da na littafin da aka ce a karanta, waɗannan in kin sani daƙiƙa goma ne. Labaran kuma ki fara leƙa tambayoyin kafin ki karanta, sai ki san abin da kike nema.

Hajjo_Yola
Wannan na leƙa tambaya tukuna na gwada bai yi min ba, sai in riƙa farautar kalma in rasa ma'anar labarin gaba ɗaya. Amma dai wasu yana musu aiki

Anti_Nas
Ku yi haƙuri in shigo ta wani gefen. Duk wannan tsarin mai kyau ne amma yarinyar nan ta faɗi wata magana ba wanda ya kula, ta ce in ta bar tambaya ji take kamar ta faɗi. Wannan fargaba ce ba rashin iya raba minti ba. Ummi 'yata, in kika ji ƙirjinki na bugawa kina karanta layi ɗaya sau uku ba ya shiga, cire hannu daga kan kwamfutar, ja numfashi a hankali ta hanci ki sake shi a hankali kamar sau huɗu, ki yi addu'arki, rabin minti bai kai ba. Ya fi ki yi minti uku kina kallon allo ba ki ganin komai. Sannan daren jarrabawa ki yi barci. Masu kwana karatu da kofi da goro su shigo da jajayen idanu su ne tambayar da suka sani sarai ke ɓace musu. Ki ci wani abu mara nauyi da safe, kar ki cika ruwa, fita bayan gida ma daga lokacinki ake cira.

Ummi_Kurna
Wlh Anti kamar kina wajen, haka nake ji. Na gode Allah ya bar zumunci

Anti_Nas
Kuma tunda mata na nan da yawa, ban da lalle a yatsu in jarrabawa ta matso. Hukumar da kanta ta sha gargaɗi a kai, na'urar ɗaukar zanen yatsa tana iya ƙin karantawa. Ko da daga baya an shawo kan abin kin riga kin shiga a rikice. Bikin ƙawa ba zai gudu ba.

Yar_Gombe
Innalillahi, ga bikin yayata saura sati biyu kafin namu 😭

Dan_Tasha
A yi miki a ƙafa hhhh

Tsohon_Dalibi
Yaran yanzu kun ji daɗi ba ku sani ba. Mu lokacinmu fensir da takarda ne, tambaya 250, Turanci kaɗai 100, sai 2015 aka koma kwamfuta gaba ɗaya. A wancan tsarin tsallake tambaya yana da haɗarin da ku ba ku san shi ba a JAMB amma yana nan yana jiranku a WAEC da NECO in a takarda kuka rubuta, wato ka tsallake ta 14 a takardar tambaya ka manta ba ka tsallake layinta a takardar amsa ba, sai amsar 15 ta hau kan 14, ta 16 ta hau kan 15, haka har ƙasa. Wani abokin zamana a aji sai a ta arba'in da wani abu ya farga, ya kama gogewa har takardar ta kusa hujewa. To mai tsallakewa a takarda ya riƙa sa yatsa a kan lamba, duk bayan tambaya goma ya duba ko sun yi daidai. Kuma kar a ce sai ƙarshe za a cike gurbin duka, ana cewa a ajiye fensir an gama da kai.

Sadau_Kt
Baba ai NECO ma zaɓi biyar ne A zuwa E, canki-canka ya fi tsada a can

Tsohon_Dalibi
Haka ne ɗana, ɗaya cikin biyar. Amma dai ya fi fanko.

Dan_Damagaram
Sannunku 'yan uwa na Najeriya, ina biye da ku daga Zinder. Mu a BAC, jarrabawarmu ta gama sakandare, ba mu da wannan na danna A da B, rubutu ne zalla, maki a kan 20, kuma kowane darasi da nauyinsa, wanda nauyinsa ya fi shi ke ɗaga ka ko ya kayar da kai. Filozofi awa huɗu ake ba mu kuma wlh mutane na fita ba su gama ba, don haka ba yawan lokaci ba ne maganin. Abin da ke cinye mu shi ne buruyon, mutum ya zauna ya rubuta komai da komai a takardar gwaji, in ya zo kwafewa a ta gaske lokaci ya ƙare, kuma buruyon ba mai duba shi. Malamanmu cewa suke gabatarwa da jerin hujjoji da kammalawa kawai za ka tsara a can, sauran ka rubuta kai tsaye. Sannan in ka zaɓi batu ka yi awa guda a kansa to ka aure shi, masu canza batu a tsakiya su ne ke kuka a bakin ƙofa. Ka ga mu a nan maganar yayan Ummi ce ke aiki.

Malama_Turanci
@Dan_Damagaram abin da ka faɗa ya shafi namu insha'in na WAEC sosai. Takarda ta biyu ta Turanci awa biyu ce, insha'i maki 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30, kuma an ba da shawarar minti 50, 30 da 40 a jere. Kalma 450 ake nema a insha'in. Abin da nake gani kullum yara su zuba awa ɗaya da kwata a insha'i suna ƙawata shi, su zo taƙaitawa mai maki 30 da minti goma a hannu, sai su kwafo layukan labarin yadda suke, kuma kwafe kai tsaye ba ya kawo cikakken maki, da kalmominka ake so a cikin cikakkiyar jimla. Wanda ya rubuta kalma 700 kuma bai ƙara komai ba sai yawan kurakuran da za a ja wa layi, don akwai maki 10 na tsabtar rubutu da kowane kuskuren nahawu ko harafi ke gutsura. Ni ɗalibaina ina sa su ƙirga kalma nawa suke rubutawa a layi ɗaya tun a gida, in tara ne to layi 50 ya isa, ba sai sun zauna ƙirge a ɗakin jarrabawa ba.

Mai_Shayi_Sabon_Gari
Malama ana iya fara taƙaitawar kafin insha'i?

Malama_Turanci
Ana iyawa, a dai rubuta lambar tambaya da sashenta ɓaro-ɓaro a sama. Ni dai ban cika so ba, insha'i na son kai mai sanyi.

Big_Boss_001
Duk wannan wahalar ta me? Mai son amsa tun daren jarrabawa ya min magana ta inbos, farashi mai sauƙi

Admin_Zaure
@Big_Boss_001 na goge lambar da ka saka kuma wannan ne gargaɗi na ƙarshe. Jama'a kar wanda ya tura wa kowa kuɗi, damfara ce, kuma wanda aka kama da satar amsa sakamakonsa ake riƙewa ko a soke. A koma kan maganar Ummi.

Dan_Tasha
Da yana da amsar ai da shi ya fara cin 350 hhhh

Ummi_Kurna
To na gane bambancin JAMB da WAEC ɗin yanzu. Abin da ya rage min, a ina zan san lokacin barin tambaya ya yi? Don kullum ji nake saura kaɗan ta fita, saura kaɗan, ga shi na riga na ɓata minti biyu a kai in na bari sun tafi a banza

Malam_Lissafi
Minti biyun sun riga sun tafi ko kin tsaya ko kin wuce, kar ki bi su da wasu ukun. Ni ma'aunin da nake ba ɗalibai ba agogo ba ne. Bayan kin karanta sau biyu ki tambayi kanki, na san matakin farko? In kin san fomular da za ki ɗauko kuma lissafi ne kawai ya rage, tsaya ki ƙarasa ko zai kai minti ɗaya da rabi, a nan yayanki ya yi gaskiya don in kin tafi kin dawo sai kin sake karantawa daga farko. In kuwa kina ta jujjuya lambobi ne ko Allah zai sa wani abu ya yi kama da ɗaya daga cikin zaɓin, ba ki kusa ba, wuce. Haka in kin yi lissafi ya ba ki amsar da babu ita a zaɓi, sake dubawa sau ɗaya tak, yawanci ba a mayar da santimita mita ba ne ko giram kilogiram, ko an yar da alamar ragi a hanya. In ba ki gano ba zaɓi ki wuce.

Wata dabara kuma, ba kowace tambaya ake warwarewa daga sama ba. In an ce nemo x kuma ga zaɓi huɗu a gabanki, ɗauki zaɓin ki mayar cikin lissafin ki ga wanne ya daidaita, wani lokacin ya fi sauri nesa ba kusa ba. A Fiziks kuma ki dubi ma'aunin amsar da girmanta, in ana neman gudun mota aka ba ki zaɓin da ya fi na jirgin sama kin san ba shi ba ne.

Bazazzagi_Asali
Ni dai Malam da girmanka, minti ɗaya da rabi ya yi yawa ga wadda ta ce ba ta iya sakin tambaya. Irin su doka mai tsauri suke so, minti ɗaya ya cika a wuce ko ana ganin amsar na leƙowa. In an bar mata ƙofar "na san matakin farko" kullum za ta ce ta sani.

Malam_Lissafi
Ai shi ya sa ake gwaji a gida. Ta ɗauki tsofaffin tambayoyi 180 ta kunna agogo awa biyu ba tashi ba waya, ta gwada taka ranar Asabar ta gwada tawa wata Asabar ɗin, makin zai faɗa mata. Kuma ta yi mok, wato jarrabawar gwaji ta JAMB, in ta samu dama don hannunta ya saba da maɓallan da kalkuletar kan allo, tunda ba a shiga da agogon hannu ko kalkuleta.

Yayan_Ummi
Salamu alaikum. An ce min ana shari'ata a nan ba a kira ni ba 😂 Ni ne yayan. Ummi ba ki faɗa musu duka ba, ni abin da na ce miki shi ne na ga kina tsallake duk tambayar da ta shafi wutar lantarki ba tare da kin karanta ba don kin tsani wajen. Wannan ba dabarar lokaci ba ce, karatu ne ba a yi ba, kuma duk shekara sai sun fito. Saura makonni, zauna ki koye shi.

Ummi_Kurna
Kai Yaya a gaban mutane 🙈

Abban_Hanifa
Hhhh to ai ga irin yaran da na faɗa tun farko. Amma @Yayan_Ummi ka yarda dai a ranar jarrabawar in ta kakare ta wuce?

Yayan_Ummi
In ta karanta ta gwada, eh. Amma ni har yanzu ban yarda da zancen zan dawo ba Malam, a ɗakin nan mutum nawa ne ke dawowa? Ta zaɓa da niyyar ba za ta sake ganinta ba, in lokaci ya ragu riba ce.

Hajjo_Yola
Ni kuma in lokaci ya ragu ma tsoron komawa nake, sauri ya haifi nawa, sai in je in canza wadda take daidai. An ce amsar farko ita ce gaskiya

Malama_Turanci
Ba kullum ba Hajjo. In kin dawo kin ga dalili a fili, misali ashe akwai "not" ko "except" a tambayar ba ki gani ba da farko, ko wata tambaya a gaba ta tuna miki abin da kika manta, canza ba tare da shakka ba. In kuma zuciya ce kawai ke raya miki don kin ga C ta yi yawa a jere, bar ta yadda take.

Sadau_Kt
C huɗu a jere kam ni sai na canza ɗaya ko me za a ce

Kano_Ta_Dabo
Yanzu na shigo ban karanta duka ba. Ni NECO zan rubuta ta masu zaman kansu bayan na daɗe da barin makaranta, matsalata hannuna ba ya sauri, kafin in gama tambaya uku a darasin Gwamnati an ce a tashi. Akwai mai dabarar wannan ko sai in buɗe sabuwar magana daban?

Admin_Zaure
Buɗe daban Alhaji, wannan ta yi tsawo, sai ka yi wa Malama_Turanci alama a can.